Ranar Da Gajera Ta Kasa Haihuwa

Maigidan nan, in ka cire taurin kai, ba shi da wani aibu. Shanu tara gare shi a bayan gida, cikin garke mai ƙofar ƙarfe, da rumfar kwano inda masu ciki ke kwanciya. Yana kuma da mata wadda ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa a ƙaramin asibiti kafin ta ajiye aiki. Sai dai ba ta shiga garke. Shi ya hana ta.

Shekara goma sha biyu ke nan da yin abin. Yana jan wani maraƙi da igiya, maƙwabta na kallo, sai ta leƙo ta ce, "Malam, a hankali mana, ai ba mota ce ta kafe a taɓo ba." Aka kwashe da dariya. Maraƙin bai zo da rai ba, uwar ma ta bi shi bayan kwana biyu. Maimakon ya ji haushin hannunsa, sai ya ji haushin bakinta. Ya ce kada ta ƙara shiga masa garke. Ta ce to. Shi kuwa a wurinsa magana zarar bunu ce.

Tun daga nan Allah ya rufa masa asiri. Zai tafi kasuwa ko gona, ya dawo ya tarar da maraƙi tsaye yana tsotso. Har baki ya yi a gari. "Ni shanuna ba sa son a sa musu hannu," in ji shi. "Iri ne."

Ranar da naƙuda ta kama Gajera, ciwon gwiwa ya hana shi fita. Gajera ita ce jikar saniyar da ya fara kiwo da ita, ita kaɗai ta rage a wannan jinin, kuma yana sonta fiye da yadda ya kamata dattijo ya so dabba. Tun hantsi take yunƙuri. Rana ta take, ba abin da ya leƙo sai kofato ɗaya da ɗan hanci, da harshe da ya fara yin baƙi.

Ya ɗaura igiya ya ja. Shiru. Ya tokare da ƙafa ya sake ja, Gajera ta yi wani kuka da ya sa kaji watsewa. Ya naɗe hannun riga ya zura hannu, ya tsaya iya wuyan hannu, don hannun maigida kamar shebur yake.

Ya kira likitan dabbobi a waya. Likita yana can nesa yana yi wa shanu allura, sai nan da awa uku.

"Baba, daina ja!" in ji likita. "Ƙafa ɗaya ce ta naɗe. Sai an mayar da shi ciki tukuna an miƙe ta. A nemo mai ƙaramin hannu yanzu, in ba haka ba duka biyun za ka rasa."

A mayar ciki. Mutumin da tunda yake bai taɓa mayar da komai ba.

Ya waiga. Ga matarsa a bakin shinge tana shanya kayan da tun jiya suka bushe. A gefen ƙafarta akwai bokitin ruwan ɗumi, wanda bai da alaƙa da shanya ko kaɗan.

Maigida ya yi gyaran murya, ya dubi saniya. "Gajera," ya ce, "da akwai mai ƙaramin hannu a kusa, da kin huta."

Matar ta karkaɗe zane, ta ce wa zanen, "Da mai ƙaramin hannu tana da izini."

Ya yi kamar bai ji ba. Sai Gajera ta miƙe wuya ta ajiye kai a ƙasa, ta daina yunƙurin ma. Nan fa tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

"Uwar yara," ya ce. "Shigo. Don Allah."

Ƙofar garken nan tana da ƙara, in ya buɗe ta har maƙwabta sai sun ji. Matar ta sa hannu ta ɗan ɗaga ta sama kafin ta tura. Ƙofa ta buɗe tsit. Ta wuce shi ta nufi rumfa, ta miƙa hannu bayan katakon rufi, ta zaro wani gwangwani. Sabulu ne a ciki, da igiyoyi biyu masu laushi, da tsumma wankakke. Gajera, wadda ke harbin duk baƙon da ya matso, ta ɗaga kunne ta yi ɗan gurnani irin na sanayya.

"Riƙe mini wutsiya," in ji matar.

Ya riƙe wutsiya.

Ta saɓa sabulu a hannu har kafaɗa. Ta jira yunƙuri ya lafa, ta tura kan maraƙin ciki a hankali, ta bi da hannu tana lalube, kuncinta manne da cinyar saniya. Ta dunƙule kofaton a tafinta don kada ya yaga mahaifa, ta juyo da shi. Ƙafa biyu suka fito. Ta ɗaura igiya, ta miƙa masa.

"In ta yunƙura ka ja, ƙasa-ƙasa. In ta huta ka huta."

Ja na huɗu, maraƙi ya sulɓo. Bai motsa ba. Ta share masa majina, ta tsinki ciyawa ta soka masa a hanci. Ya yi atishawa. Mace ce. Gajera ta ɗago kai ta fara lasa.

Maigida ya zauna a kan kwamin ruwa, igiya a hannu. Ya dubi gwangwanin, ya dubi sabulun da ya zama ɗan siriri saboda aiki.

"Maraƙi nawa?" ya tambaya.

"Da wannan, sha ɗaya."

"Wato ba iri ba ne."

"Irin ma yana da kyau," ta ce, tana wanke hannu.

Ya tashi yana ɗingishi ya shiga ɗakin ajiya, ya dawo da kwalbar baƙin mai. Ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ya ɗiga wa ƙofar mai sama da ƙasa, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Ƙofar da nauyi," ya ce, bai dube ta ba. "Daga yau kin daina ɗagawa."