Kusurwar da Injin Hamidon Bai Taɓa Ba

Duk unguwarsu a garin Taiping na ƙasar Malesiya babu mai ji da ciyawar gidansa kamar Hamidon. Kowace Asabar zai tayar da injinsa ya aske farfajiyar tas, har ka rantse darduma aka shimfiɗa. Kuma bakinsa ba ya shiru. In ya wuce ƙofar maƙwabcinsa Haji Ramlan sai ya ɗaga murya:

“Haji, daji kake kiwo ne? In damisar ta haihu a ba ni ɗa ɗaya!”

To, ana cikin haka babur ya kayar da shi a hanyar kasuwa, ƙafa ta karye. Garin nan kuwa ruwan sama ba ya hutawa. Kafin ka ce me, ciyawa ta miƙe, Hamidon na kwance yana hango ta ta taga, takaici kamar ya kashe shi.

Amma akwai damuwar da ta fi wannan a gidan. Surukarsa Mak Senah, wadda matarsa Rohaya ta ɗauko daga ƙauye saboda tsufa da mantuwa, ta daina cin abinci. A kawo shinkafa da miyar kwakwa ta kau da kai, a kawo kifi ta ture. Ta rame har awarwaronta yana zamewa daga hannu, likita kuma ya ce in aka ci gaba a haka sai an kwantar da ita an sa mata tiyo a hanci. Hamidon ma ta manta sunansa, “mai yankan ciyawa” take kiransa, abin yana yi masa ciwo ko da bai faɗa ba.

Wata safiya aka neme ta aka rasa. Can sai Rohaya ta gano ta a bayan gida, tsugune a kusurwar da ke kusa da magudanar ruwa, tana tsinkar wani ganye mai zagaye kamar kwabo. Pegaga ne, wanda mutanen ƙauye ke ci ɗanye da dakakken yaji. Ashe shekara da shekaru yana nan, injin Hamidon ne ke fille masa kai kowane mako. Ranar tsohuwar ta cinye shinkafarta da shi, har da lashe yatsa. Rohaya ta koma bayan ƙofa ta yi ta kuka.

Sun gwada sayo na kasuwa, ko kallonsa ba ta yi ba. Sai wanda ta tsinka da hannunta.

Rohaya ta ce, “Maigida, ka gaya wa Haji kada a taɓa kusurwar nan. Ka san gayyar share unguwa ta kusa.”

“Zan gaya masa.”

Ina! Mutumin da ya shekara yana yi wa maƙwabci ba’ar daji, da wane baki zai ce shi ma yanzu daji yake so? Yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi.

Ranar Asabar Rohaya ta kai shi asibiti a duba ƙafar, suka bar Mak Senah da matar Haji Ramlan. Suna dawowa, tun daga bakin titi suka jiyo kukan injuna. A unguwar nan in mutum ya kwanta ciwo, ’yan gayya ba sa neman izini, shiga gidansa kawai suke yi su gyara masa, ladan ke nan. Ga ƙofar gidansu a buɗe, ga farfajiyar gaba an aske ta ƙwal.

Hamidon ya leƙa ta tagar mota. Garin neman gira za a rasa ido, kuma shi ya jawo.

“Ka gaya masa, ko?” in ji Rohaya.

Hamidon ya buɗe ƙofar mota. Ya fizgi sandunansa ya fita tun motar ba ta gama tsayawa ba, yana ɗingishi yana ihu, “Haji! Haji, tsaya! Don Allah kashe injin!” Ba abin da yake gani a ransa sai tiyon nan a hancin tsohuwar.

Ya zagaya bayan gida, sai ya ja ya tsaya.

An aske ko’ina, amma kusurwar tana nan yadda take, kore shar, har da ’yan fararen furanni. A tsakiyarta Mak Senah na zaune a kan ’yar kujerarta, faranti a cinya, matar Haji na tsugune a gefe tana taya ta tsinka. Shi kuma Haji Ramlan yana can nesa rataye da inji, yana share gumi.

“Ka zo ka raba ni da surukarka,” in ji Haji. “Ina kawowa nan ta ɗaga min takalmi. Wai ɗan gidan uban wa ne ni da zan shiga gonar mutane? Wai surukinta ne ya shuka mata.” Ya kalli kusurwar, ya kalli Hamidon, ya ƙyalƙyale da dariya. “Ashe kai ma ka fara kiwon damisa! To ni ma a ba ni ɗa ɗaya.”

Hamidon ya zauna a bakin magudana ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Shi da ya yi ta fille ganyen nan, yau shi ne wai ya shuka.

“Haji,” ya ce a hankali, “nan gaba daga nan har gindin mangwaro, ko ni ka ga na doso da inji, ka ƙwace.”

Mak Senah ta ɗago kai ta ƙura masa ido.

“Hamidon, me kake yi a ƙasa da karyayyar ƙafa?” Ta juya wajen ’yarta. “Ke kuma kin tsaya kina hawaye. Je ki ɗora shinkafa, yunwa nake ji.”