Murhun Gidan Labo

Da hantsi yaran Alhaji Nasir suka shigo Tanda a kan moto, wato babura, da guduma da sandunan ƙarfe. Ba su yi sallama ba. Suka tura darnin gidan Seyni ɗan Labo, suka hau murahun bandar kifinsa da duka, kifin mutane na watsewa cikin toka. Seyni ya shaƙe na gaba. Wani ya zabga masa ƙarfe a haƙarƙari, ya faɗi, suka tattake shi har jini ya fito masa ta hanci.

"Alhaji na gaishe ka," in ji babbansu, wani ƙato mai suna Umaru. "Murhun nan nasa ne, da takarda. Ka sake gina ɗaya, kai za mu fasa."

Daga waje murhun gidan Labo kamar na kowa yake. A cikin bangonsa ne aka karkata hanyar hayaƙi, ya zagaya ya huce kafin ya taɓa kifi, sai kifi ya fito ja, bai ƙone ba. Tun kakanni ba sa sayar da shi, ba sa nuna cikinsa. Masunta su kawo kifi bakin darni, su dawo su karɓa. Ɗan gida ma sai ya dafa Alƙur'ani kafin a koya masa. Da wannan murhun Seyni ke ci da iyalinsa, ba shi da gona, ba shi da jirgi.

Alhaji Nasir kuwa mai kamiyo ne, manyan motocin ɗaukar kaya, a Gaya. Ya sa aka zana murhun, ya aika ofishin da ke rajistar ƙirƙira, aka ba shi birebe, wato takardar da ke cewa shi ya ƙago abu, ba mai yin irinsa sai da izininsa. Takardar ba ta ce ya daki kowa ba. Amma azzalumi in ya samu hatimi, sai ya ga kamar an ba shi sanda.

Da Seyni ya iya miƙewa, ya je Gaya wurin wata aboka, wato lauya, Metir Samira.

"Ana iya neman ofishin ya sake duba takardar," ta ce. "Sai dai mu nuna murhun ya riga ya fita fili kafin Alhaji ya kai zanensa."

"Kakana ya gina shi, Metir."

"Wa ya ga cikinsa?"

"Ba kowa! Mu ba 'yan talla ba ne."

"To, kun yi wa Alhaji aiki. Abin da aka ɓoye ba ya zama hujja. Ina son wanda aka nuna wa jama'a, kowa ya gani."

Seyni ya san mutum ɗaya da ta taɓa yin haka: ƙanwarsa Mansura. Da mijinta ya mutu a Malanbil, ƙetaren kogi, ya bar ta da 'ya'ya, sai ta gina murhun gidansu a tsakiyar kasuwar kifi, ta koya wa mata. A wani bikin manoma har ta tsaga ɗaya gida biyu, telebijin ta ɗauka. Da labari ya iso Tanda, Seyni ya haye gada, ya same ta a gaban mutane, ya karya mata hannu da itacen wuta. Tun ranar bai ƙara ambaton sunanta ba. A wurinta ne ma Alhaji Nasir ya ga cikin murhun.

Ya sake haye gadar, haƙarƙari a ɗaure. Ya tarar da ita tana juya kifi da hagu, damar ta warke a karkace.

"Yaya," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ɗayan hannun ka zo karyawa?"

"Shaida na zo nema."

"Ashe cin amanata ta yi rana."

"Ke kika jawo mana ɓarawon."

"Ni kuma zan kore shi. Ba don kai ba, don matan nan, mun ji ya ce birebensa zai biyo mu har nan. Hoton telebijin yana wurinmu, da shekararsa a jiki. Amma ka ji da kyau, Yaya. In aka soke takardarsa, ba kai za a mayar wa murhu ba. Na kowa zai zama."

Seyni ya ɗaga hannu. Matan kasuwa suka miƙe gaba ɗaya, kowacce da wuƙar gyaran kifi. Ya sauke hannun, ya tofar da yawu, ya tafi.

Mansura ta kai hoton wurin Metir Samira da kanta, aka shigar da buƙata. Labari bai kwana ba ya kai kunnen Alhaji. Ranar kasuwa Umaru da yaransa suka dira rumfar Mansura. Guduma ta farko ta fasa murhu, ta biyu ta samu Mansura a ƙugu. Sai mata suka rufe su. Wata ta watsa wa Umaru garwashi a fuska, wata ta tsaga wa wani kunne, sauran yaran suka bar motonsu suka faɗa kogi. Aka ɗauki Mansura zuwa likita a kan amalanke, tana zagin su har bakin ƙofa.

Metir ta kira Seyni ta ce masa ya zauna lafiya, hujja ta riga ta isa ofis, haƙuri kawai ya rage. Amma Seyni bai san haƙuri ba. Ba kuma dukan ƙanwarsa ne ya ƙona shi ba, kada a yi masa ƙaryar kirki. Abin da ya hana shi barci shi ne ko an ci ko an faɗi, sirrin ya tafi. Ya rasa wanda zai huce a kansa sai Alhaji.

Bayan la'asar ya ari mashi mai ƙugiya na kamun kifi wurin wani masunci, ya shiga tashar kamiyo. Alhaji Nasir na zaune kan benci yana shan shayi.

"Ɗan Labo," ya ce yana dariya, "izini ka zo saye?"

Seyni ya soka masa mashin a cinya har ya fito ta baya ya kafe a katako. Ƙugiyar ta hana a zare. Alhaji ya yi ta kururuwa, benci manne da shi, direbobi suka danne Seyni suka farfasa masa baki kafin jandarma su iso.

Alhaji ya rayu, an yanke ƙafar. Seyni yana kaso lokacin da ofis ya gama sake dubawa ya soke bireben, saboda an nuna murhun a fili tun kafin Alhaji ya nema. Metir ta je ta gaya masa ta bayan ƙarfe.

"Yanzu kana da ikon gina abinka," ta ce.

"Ni da wa?"

"Kai da duk mai laka."

Kafin damina ta faɗi, daga Tanda har Yelu ba unguwar da ba a gina shi ba. Matar Seyni ta jira, ta gaji. Yara na kukan yunwa, sai ta hau kabu-kabu ta haye Malanbil, ta durƙusa gaban Mansura ta ce a koya mata.