Ranar da Aka Ninke Rawanin Gidanmu

Kwana tara ɗiyata Rahmi ta yi a asibiti ana mata ƙarin ruwa. Shekararta uku. A kwana na huɗu, ina riƙe da hannunta don kada ta fizge allurar, na yi wa kaina alkawari: Kawu Bustami ba zai ɗaura rawanin gidanmu ba ina numfashi.

Ƙanen mahaifiyata ne. Shekara biyu da suka wuce ya ci zaɓen shugaban gari, har da ƙuri'ata a ciki. Bai yi wata shida ba ya sa hannu aka ba wani kamfani tsaunin bayan gari suna fasa dutse. Damina ta farko yashi da laka suka gangaro suka binne gonarmu ta ƙasa, wadda kakata ta bar wa uwata, uwata ta bar mini. Idon ruwan da muke sha ya koma kalar shayi da madara. Shi Rahmi ta sha.

Da aka sallame mu na same shi a ofis da yarinyar a kafaɗata.

"Kawu, ruwan nan zai kashe mana yara."

"To ki riƙa tafasawa mana, Yusnidar. Ko itacen ma ni zan saro miki?" Mutanensa suka yi dariya. Ya nuna takardar da ke rataye a bango. "Mutum dubu da ɗari biyu suka zaɓe ni. Ga hatimin gwamnati can. Ke wa ya zaɓe ki?"

Na gyara wa Rahmi hula muka fita.

Inda hatimin nan bai kai ba shi ne gonar sama. Ƙasar dangi ce, ba mai sa hannu a kanta sai Datuk, mai rawanin gida. Namu ya rasu bara, kamfani kuma na son gonar don ya fitar da hanyar motocinsa. Kwatsam sai ga Kawu yana neman rawani. Gonar nan ita kaɗai ta rage wa Rahmi a duniya.

Rawanin da wuƙar gado suna cikin akwati a babban gida, mabuɗin kuwa a hannun mata yake tun kaka da kakanni, don a wajenmu gado ta ɓangaren uwa yake bi. Kaka ta rasu, Inna ta bi ta, ya faɗo hannuna ina da shekara ashirin da shida. Kawu ya zaga wajen dattawa, ya je wa liman, har mijina Afrizal da ke sayar da abinci a birni sai da ya kira a waya.

"Ji mutumin nan," in ji Afrizal yana dariya, "wai ni yake neman yardata. Ni da na tare a gidanku kamar kowane miji, baƙo ne ni, toka a kan kututture, iska na kaɗawa na yi gaba!"

Ni kuwa matarsa ya turo mini da sukari da turmin zane. Na karɓa, na ce an gode.

Goggo Rosmaini, wadda suke 'yan ɗaki ɗaya da Inna, ta gano nufina. Ta same ni ina goga kwakwa.

"Ki faɗa masa yanzu, tun bai sayi ɓaunar naɗi ba. Ba a kunyata ƙanen uwa a bainar jama'a."

"Goggo, in na faɗa yanzu, dattawa zai tara mini a ƙofa kullum har in gaji in miƙa mabuɗin. Bari ya saya."

"Wannan kaɗai ne dalilin?"

"A'a," na ce. "Ina so kowa ya gani."

Ranar naɗi tun da safe aka kayar da ɓauna. Kafin hantsi babban gida ya cika: masu rawanin sauran gidaje cikin baƙaƙen kaya, manya daga gunduma, har da mai ɗaukar hoto. Kawu na zaune a tsakiya kai ba hula, yana jiran abin da za a ɗaura masa. Aka yi ta jawabi ana mayarwa, har ƙafafuna suka yi tsami.

Daga nan Datuk Marajo, dattijon da ke jan taron, ya juyo ɓangarenmu na mata ya yi tambayar da ake yi kullum, wadda ba wanda ya taɓa jin an amsa da a'a.

"Iyayen gida, bakinku ya zo ɗaya? In ya zo, a kawo abincin gona, a buɗe akwati."

Shinkafar da sabon Datuk zai fara ci daga gonar dangi ake ɗebo ta, mai mabuɗi ke kawowa. Na tashi da rufaffen faranti da kofi, na durƙusa yadda aka koya mini, na ajiye a gabansa.

Ya ɗaga murfin yana murmushi ga mai hoto. Yashi ne, na tankaɗe shi tas. Kofin kuma ruwan idon nan ne, na ɗebo da safe.

"Mene ne wannan?"

"Amfanin gonar ƙasa na bana, Kawu. Ban rage ko tsaba ba. Ruwan kuma in kana so a tafasa maka."

Wani ya yi tari a bayan ɗaki don ya ɓoye dariya. Wuyan Kawu ya kumbura.

"Ke! Ni na yanka miki akuyar suna! Kawo mabuɗin nan!"

"Ka tambaye ni wa ya zaɓe ni," na ce, ban yi ƙasa da murya ba. "Ba kowa. Haifata aka yi. Ofis naka ne, ka je ka zauna har wa'adinka ya cika. Wannan na uwata ne, kuma ban yarda ba."

Ya juya ga manyan gunduma. Suka duƙar da kai suna duba wayoyinsu. Hatiminsu bai shigo ɗakin nan ba. Ya juya ga mata.

"Rosmaini, yi mata magana!"

Goggo ta daɗe tana kallon kofin. Jikanta ma ya yi kwana uku a asibitin.

"Yaya, sha ka ba mu labari," ta ce.

Datuk Marajo ya sake tambaya har sau biyu, kamar yadda ya wajaba. Sau biyu na ce ban yarda ba. Ya numfasa, ya tattara bakin rigarsa.

"Baki bai zo ɗaya ba. An ninke rawanin gidan nan, yana akwati har ranar da iyayen gida suka shirya."

Masu rawani suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Ba Datuk, ba sa hannu. Kawu ya fita yana lalubar takalminsa a cikin na jama'a, kansa a buɗe yadda ya shigo.

Naman ɓaunar aka raba, tun da an riga an yanka. Wasu sun zaci ba zan karɓa ba. Na karɓi kasona, na dafa shi da madarar kwakwa har ya yi baƙi, Rahmi ta ci ta nemi ƙari.

Har yau ba ya amsa gaisuwata, ni kuma ban fasa gaishe shi ba, da ƙarfi, a gaban mutane. Har yau ina tafasa ruwa. Ranar Asabar muka dasa shinkafa a gonar sama, Rahmi na biye da ni a kan kunya, tana wasa da mabuɗin da ke ɗaure a bakin zanina.