Fillancin Ɗanmaliki

Shekara ashirin ina sayar da maganin shanu a kasuwar Rogo, kuma a bakin masu saye na koyi Fillanci, kalma bayan kalma, suna yi mini dariya ina gyarawa. Shi kuwa Ɗanmaliki, maƙwabcina mai neman kujerar kansila, sati uku ya yi yana sauraron darasin Fillanci a wayarsa ya ce ya gama.

Da Ardo Sulle ya rasu a ƙauyen Fulatan, sai Ɗanmaliki ya zo rumfata da babbar riga tana ƙamshin turare.

"Malam Ilu, raka ni ta'aziyya. Yau za su ji yarensu a bakin ɗan boko."

A mota na ce ya karanta mini abin da ya haddace. Ya ɗaga hannu. "Naka na kasuwa ne. Nawa na ilimi ne."



Mun tarar da dattawa zaune a kan tabarmi ƙarƙashin ɗorawa. Ɗanmaliki bai ko tuɓe takalmi ba. Ya tsaya a kansu, ya gyara murya, ya zuba jawabi da Fillanci. Gaisuwar suna ce ya haddace. Ya taya su murnar ƙaruwa, ya yi addu'a Allah Ya raya, Ya kawo wasu. Wani tsoho ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ni kunya ta hana ni ɗaga ido.

Zubair, babban ɗan marigayin, ya bari har ya kai aya. Sannan ya ce da Hausa tsantsa, "Alhaji, mun gode da tattaki. Zauna ka sha fura. Babanmu ne ya rasu."

Ɗanmaliki ya zauna, amma ko kurɓa bai yi ba. Ya leƙa ƙwaryar ya ture ta gefe, ya tambaya ko za a yi hoto.

Na matsa kusa da Zubair na ba shi haƙuri da harshensu. Ya ce ba komai, ko yaro da tuntuɓe yake fara tafiya. In mutumin da gaske yake, ya riƙa zuwa ranar Juma'a su zauna, za a koya masa.

A hanyar dawowa na isar da saƙon. Ɗanmaliki ya taɓe baki.

"Ni in zauna a ruga? Ai lafazinsu ne ya lalace, shi ya sa ba su gane ni ba."

Na ce direba ya sauke ni a Jajaye. Sauran tafiyar a bayan babur na ƙarasa ta.