Mayen Ƙarfe a Ƙofar Direba

Kuɗin Miftah na tsohuwar mota ne, shi ya sa ya nufi ƙarshen kasuwar motoci ta birnin Bangazi, wajen wani dillali, Hajji Ayyad.

"Wannan Marsandi daga Jamus ta sauka, ɗana," in ji Ayyad. "Ta sha hanya kam, amma ko ƙwarzane babu. Wata tsohuwa ce ke zuwa coci da ita."

Miftah ya bi jikin motar da mayen ƙarfe, don ba ya kama inda aka toshe rami aka shafe da fenti. A ƙofar direba mayen ƙarfen ya faɗi, ya sake faɗi. Ramukan harsashi ne a jere. Ya leƙa ciki, sai ga madubi ɗaure da jar waya. Shi ya ɗaura wa ƙanensa Faraj, wanda ya fita da motar nan bara bai dawo ba.

"Hajji, kawo hannu, ciniki ya faɗa."

Ayyad ya miƙo yana washe baki. Miftah ya fizgi hannun ya danna a bakin ƙofar, ya maka ta da iya ƙarfinsa. Ƙashi ya karye, ihu ya cika kasuwa.

Ya sake buɗe ƙofar.

"Saura ɗaya hannun, tsohon banza. Yaya sunan tsohuwar?"