Da Ƙafa Muka Kai Hanan

Ni da mijina Sa'idu ba mu taɓa sayen mota ba, kuma ban taɓa sunkuyar da kai a kan haka ba. A Agege muke. Shi mahauci ne, da ƙafarsa yake zuwa kwata, da ita yake dawowa. Kasuwa na bayan gidanmu, masallaci a bakin layi, asibiti kuwa da ka tsallaka titin jirgi ka iso. To motar ta kai mu ina? Abin da za ta cinye na mai da makanike shi muka riƙa adanawa. Da shi muka yi rufin ɗakunanmu, da shi Hanan ta gama karatun jinya.

Hanan 'yar ƙanena ce, tun tana goye na karɓe ta bayan rasuwar uwarta. Da aurenta ya tashi da Shamsuddeen mai shagon gyaran waya, na yi murna biyu, don gidansu tsallaken titin jirgin ne kawai. In na ɗora ruwan tuwo na je na leƙa ta, zan dawo bai tafasa ba.

Ana gobe kai amarya sai ga kawun ango, Alhaji Abdulgani, daga Isolo. Mutum ne da bakinsa ba ya buɗewa sai makullin mota na lilo a yatsarsa.

"Hajiya Zuliha, na yi arranging motoci," in ji shi. "Convoy za a yi. Family ɗinmu ba a kawo mana amarya da ƙafa kamar mai tallan burodi."

"Alhaji, gobe Asabar ce fa," na ce. "In a mota ne sai an zagaya ta kan gada. Go-slow zai riƙe ku."

"Wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba zai koya mini hanya? Abeg. Kun ba yarinyar nan kunya tun tana ƙarama, ku bar ta ta huta rana ɗaya."

Na ba shi amsa daidai da shi, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Na tuna yadda nake riƙe hannun Hanan zuwa makaranta cikin ruwan sama, motocin iyayen ƙawayenta na fallatsa mana taɓo. Ba ta taɓa cewa komai ba. Shin haƙuri take yi da mu duk shekarun nan? Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. In har kunyarmu take ji, to ban san abin da na raina ba.

Washegari bayan la'asar motocin suka iso. Lungunmu bai ɗauke su ba, suka jeru a bakin titi, an ɗaɗɗaura musu ƙyalle, suna ta hon. Na shiga ɗaki na tarar da Hanan cikin lulluɓi, da wani dogon takalmi mai tsini a ƙafarta.

"Ga mota can, ga hanyarmu nan," na ce mata. "Ranarki ce. Wadda kika zaɓa, ba zan ji haushi ba."

Ƙarya na yi, zan ji. Amarya ba ta magana a irin wannan lokaci, kuka ne aikinta. Sai ta sunkuya ta zare takalmin.

"Gwaggo, miƙo mini silifas ɗina. Da ƙafa kika kai ni ko'ina, yau ma ki kai ni."

Na juya baya na share idona, na rangaɗa guɗa.

Alhaji ya yi ta sababi, ya kwashe mutanensa suka cika motoci suka tafi. Mu kuwa muka miƙi lungu. Wanda yake taka unguwa kullum, unguwa ta san fuskarsa. Iya Sakinatu mai wake ta rufe tukunya ta biyo mu tana cewa da Yarbanci da Hausa, "Iyawo wa ni o, amarya tamu ce." Matan mahauta suka fito, teloli suka bar kekunansu suka tsaya a ƙofar shago, mai Marwa, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ya kashe inji ya ba mu hanya. Kafin mu tsallaka titin jirgi, na waiwaya ban ga ƙarshen mutane ba.

Uwar ango, Hajiya Batulu, tana bakin ƙofa da buta. Mahaifiyarta Bayarabiya ce, a wurinta ta gaji wanke wa amarya ƙafa kafin ta shiga gida. Yawanci ɗan yayyafi ne na cika al'ada. Ran nan kuwa da ta zuba, ruwan ya gangaro ja da ƙasar Agege. Ta yi dariya ta ce a ƙaro wata butar.

"Yau kam ruwan nan ya samu aiki," in ji ta. Ta kama hannun Hanan ta shigar da ita.

An idar da magariba, an ci abinci, muna shirin komawa, sai ga Alhaji Abdulgani. Motocin na can kan gada sun maƙale, ya bar su ya sauko. Babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa, takalminsa ya sha taɓo har idon sawu, yana haki.

Na ɗauki butar da ta rage na ajiye a gabansa.

"Sannu da hanya, Alhaji," na ce. "Ga ruwa, akwai saura."