Hoton Tantabara

Ofishin ƙungiyar ɗaki ɗaya ne a bayan wani kantin magani. Tebur guda, kabad guda, kujerun roba bakwai, sai fankar da ba ta san hagu ba, dama kawai take juyawa. Amma duk ranar da Sakatariya ta saka mukulli ta buɗe ƙofar, sai ta ji sanyi a ranta, don ta san daga inda suka fito. Shekara uku da suka wuce, su iyayen yara masu ciwon sikila, a bencin asibiti suke haɗuwa, kowacce da goyonta da ledar magani. Yanzu suna da rajista, da littafin taro, da wayar ƙungiya da ke zagayawa hannu-hannu kowane mako, ta yadda ko wace ce ta kira neman jini za ta samu mai ɗagawa.

Yawancin wannan tsari daga hannun Sakatariya ya fito. Ita ce ƙaramarsu a shekaru, 'yarta ɗaya, mai shekara bakwai, wadda tun tana jaririya ake kiranta Tantabara saboda wani gurnani da take yi in ta ƙoshi. Ita kuwa ƙungiyar, wadda ta kafa ta tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da kowa ke kira Anti Nas, mace mai faɗin kafaɗa da faɗin zuciya, wadda ba ta iya magana a hankali ko da sirri take faɗa.

Saura mako biyu ranar ba da gudummawar jini, kuma an yanke shawarar buga babbar fasta a rataya a mahaɗar titin da ke gaban makarantar firamare, inda kowa ke wucewa. Anti Nas ta tura wa mai buga fasta komai. Sai dai akwai ƙa'idar da Sakatariya ta sa aka rubuta bara, bayan an buga takardar gayyata da lambar wayar da ba tasu ba: duk abin da zai fita da sunan ƙungiya, sai idon mutum biyu ya gani. Shi ya sa ranar Talata da hantsi ta biya shagon.

"Sannu da zuwa, ido na biyu," in ji mai buga fasta, yana ture kofin shayi daga kan tebur. "Wannan karon ko waƙafi ba za ki samu ba. Sau uku na duba."

"Haka ka ce bara, muka kwana uku ana kiran wani mai gyaran famfo ana tambayarsa jini."

Ya yi dariya, ya juyo mata da fuskar kwamfuta.

Rubutun daidai yake. Lambar ma daidai. Amma a tsakiya, cike da rabin fastar, Tantabara ce kwance a gadon asibiti, robar ƙarin ruwa a hannunta, idanunta sun yi rawaya, leɓenta ya bushe ya tsage, gashinta a barbaje. Hoton bara ne, lokacin da ciwon ya kusa tafiya da ita.

Sakatariya ta dafa bayan kujera.

"Hoton nan zai taɓa zuciya," in ji mai buga fasta. "Ni kaina da na gani sai da na..." Ya dube ta, ya dubi hoton, ya sake dubanta. Goshin ɗaya ne.

"Yaushe za ka buga?"

"Anti ta ce ƙarfe huɗu."

"Don Allah ka dakata. Kada ka taɓa sai ka ji daga gare mu."

A hanya ba fushi take ji ba, lissafi take yi. Wannan zangon karatun ne kawai Tantabara ta fara dawowa daga makaranta da ƙura a gwiwa. A tsohuwar makarantarta ba mai sa ta a wasa, wai kada ta faɗi a ce su ne. Har malamai "mai ciwon nan" suke ce mata. A sabuwar kuwa, wato wannan firamaren, malamar ajinsu kaɗai ta sani. Yarinyar ta yi ƙawaye biyu, tana tsallen igiya, ta gaji ta zauna ta sha ruwa ba wanda ya tambaye ta dalili. In aka rataya wannan hoto a gaban ƙofar makarantar, mako biyu cur tana wucewa ta ƙarƙashinsa safe da rana, shi ke nan an mayar da ita gadon nan.

Abin da ya yi mata nauyi shi ne wadda za ta faɗa wa. Ranar da aka ɗauki hoton, Anti Nas ce ta bi gareji-gareji da ƙafa har ta samo mai jini irin na yarinyar. Ba don ita ba, da babu Tantabarar da za a yi gardama a kanta.

Ta samu Anti Nas a ofis tare da Tela, mataimakiyar shugaba, wadda ke zuwa ko'ina da tef ɗin awo a wuya. Suna naɗe takardun gayyata.

"'Yar nan, kin ga aikin?" in ji Anti Nas tun kafin ta zauna. "Bana sai mun rasa inda za mu sa mutane."

"Na gani, Anti. Rubutu ya yi. Hoton ne ban yarda ba."

Anti Nas ta sauke tabarau zuwa kan hanci. "Me ya samu hoton? Ba ke kika ce in ɗauka ba?"

"Ni na ce. Don in tura wa babanta, yana kan hanya hankalinsa a tashe. Ban ce don titi ba."

"To ai ke kika sa shi a zauren wayarmu. Duk mun gani, duk mun yi addu'a."

"Mu ne, Anti. Mu da muka san abin. Kullum muna tura wa juna hoton yaranmu a gadon asibiti kamar 'yan gida ɗaya, har mun manta ba kowa ne ɗan gidan ba."

Anti Nas ta ajiye takardar hannunta. Muryarta ta cika ɗakin kamar kullum, amma ba faɗa a ciki. "Ki saurare ni, 'yata. Shekara talatin ina roƙon mutane jini. Mutum ba ya miƙa hannu a soka masa allura sai ya ga abin da ya girgiza shi. Bara mutum sha tara muka samu. Sha tara! Yaranmu arba'in da shida. Ba don in tozarta jikata na yi ba, don ita da 'yan uwanta na yi."

"Na sani. Wallahi na sani. Amma ita ba a tambaye ta ba, ni ma ba a tambaye ni ba. Kuma ita za ta wuce ta gabansa da jakar makaranta, ba mu ba."

Fanka ta juya dama, ta tsaya, ta dawo. Tela ta ja tef ɗin wuyanta ta sake shi.

"Anti, bari in faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa," in ji ta. "Kin tuna takardar da muka raba shekarar farko, mai hoton babban ɗana? Har yau a unguwarmu in zai buga ƙwallo sai wani ya ce a bar shi a raga, kada ya mutu musu. Shekararsa sha huɗu. Bai taɓa ce mini komai ba, amma tun daga lokacin bai sake yarda ya rako ni nan ba."

Anti Nas ta ce, a hankali, abin da ba a saba ji ba, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Wa ke iya faɗa miki magana kina tsaye? Sai kin zauna, kuma ba kya zama."

Dariyar ta kuɓuce wa dukkansu. Anti Nas ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "To, masu ilimi. Na ji. Amma fasta ba fuska ai bango ne. Me za mu sa? Hoton fankar nan?"

Sakatariya ta riga ta jawo littafin taro. "Abu biyu. Na farko a rubuta: ba hoton yaron da zai fita sai uwa ko uba sun sa hannu, an faɗa musu inda za a sa da tsawon lokacin, kuma an tambayi yaron da bakinsa. In ya ce a'a, a'a ce. Na biyu, in dole sai an ga fuska, a ga tamu. Mu manya ne, mun san abin da muka ɗauka. Kuma a sa na waɗanda suka ba da jini. Makanikin nan da kika samo wa Tantabara, sau huɗu ya bayar, ƙato da shi kamar ƙofar gareji. Mai tsoron allura ya gan shi yana dariya, ya san ba a mutuwa."

"Ni a fasta?" in ji Anti Nas. "Da haƙorin nan nawa da ya tafi hutu?"

"Sai ki rufe baki," in ji Tela. "Mu ma mu ga abin al'ajabi."

Aka kira sauran 'yan kwamiti a waya, suka amince, aka rubuta. Makaniki da aka tambaye shi ya ce a ba shi awa ɗaya ya wanke baƙin mai.

Sai da Sakatariya ta je ɗauko 'yarta da rana wani abu ya faɗo mata: in fuskarta ta hau fastar, ai duk wanda ya san ta ya san 'yar wa ake nufi. Ƙa'idar da ta rubuta da hannunta ta dawo kanta. Suna tafe ta rage sauri, ta bayyana wa yarinyar komai dalla-dalla, har da cewa ƙawayenta za su iya tambaya.

Tantabara ta yi ta harbin wani dutse da takalmi har suka kai kwana.

"Hotona na asibiti fa?"

"Ba za a sa ba. Sai in ke kika so, wata rana, in kin girma."

"Ba na so. Kaina ba kitso." Ta sake harbin dutsen. "Naki a sa. Amma ki ɗaura ɗankwalin nan shuɗi. Kuma Mama, kada ki yi fuskar nan ta 'kin sha maganinki?'"

Ranar Alhamis aka rataya fastar: mata biyar a jere, makaniki a tsakiya ya naɗe hannun riga, Anti Nas ta yi ƙoƙarin rufe baki abin ya gagara. Ranar ba da jini mutum talatin da ɗaya suka zo, takwas daga cikinsu daga gareji guda, har da mai buga fasta da ya kawar da kai yana salati tun kafin a fito da allura. Anti Nas ta ce da hoton farko ne da sun kai hamsin. Tela ta ce da sun kai, da kuma an raba yarinya ɗaya da filin wasa. Ba wadda ta ci gardamar, ba kuma wadda ta nemi a goge ƙa'idar. Washegari ma Anti Nas ce ta zo da wayarta, ta zauna, ita da ba ta zama, tana bin hotunan yara ɗaya bayan ɗaya tana kiran iyayensu: a bari ko a share?

Kafin a sauke fastar, wata rana Sakatariya tana jira a bakin ƙofar makaranta ta hango Tantabara da ƙawayenta biyu sun tsaya a ƙarƙashinta. Ta matsa kaɗan yadda za ta ji.

"Waccan mai shuɗin mamata ce," in ji Tantabara. "Wancan ƙaton kuma jininsa na jikina."

"Ƙarya!" in ji ɗaya.

"Wallahi. Shi ya sa nake cinye ku a tsere."

"Yaushe kika taɓa cinye mu?"

"Yanzu."

Suka kwasa da gudu. Sakatariya ta buɗe baki za ta ce su bi a hankali, sai ta rufe. Ta kwance murfin gorar ruwa, ta tsaya tana jira su dawo.